Karatun Mastar da Doktora a Likitancin Molekil da Alaƙarsa da Cututtukan Ƙasar Madarunfa

 

    

Maudu'in laccar shi ne karatun gaba da digirin farko, wato mastar da doktora, a fannin da ake kira likitancin molekil: mene ne fannin, me ya haɗa shi da cututtukan da ke kwantar da mutane a yankin Madarunfa, yaya karatun yake, kuma ina ake yin sa. Za a bi shi a batutuwa shida.

Na ɗaya: Mene ne likitancin molekil?

Likita yana farawa ne da abin da ido ke gani da abin da hannu ke ji: zafin jiki, rama, kumburi, ɗashewar ido. Ɗakin awo ya ƙara masa madubin hangen ƙananan halittu, har ya iya ganin ƙwayar cutar cizon sauro kwance cikin jini. Likitancin molekil ya sauka ƙasa da haka. Molekil su ne ƙananan sinadaran da aka gina ƙwayoyin jiki da su, kuma biyu daga cikinsu ne ginshiƙin fannin: DNA, wanda masu karatun Faransanci suka sani da ADN, da kuma furotin.

DNA rubutu ne mai haruffa huɗu kacal, A, C, G da T. A jikin ɗan Adam jerin haruffan ya kai kimanin biliyan 3, kuma a cikinsa akwai ƙwayoyin gado wajen 20,000 da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin. Furotin ɗin su ke aikin jiki: ɗaukar iska cikin jini, narkar da abinci, yaƙar cuta. Ƙwayoyin cuta ma suna da nasu rubutun. Saboda haka mai wannan ilimi rubutu biyu yake karantawa, na majinyaci da na abin da ya kama shi.

An gano fasalin DNA a 1953. A 1983 Kary Mullis ya fito da dabarar PCR, wadda ke ɗaukar ɗan guntun DNA ta riɓanya shi sau miliyoyi cikin ƴan sa'o'i, har na'ura ta iya tantance shi. A 2003 aka kammala babban aikin karanta rubutun gadon ɗan Adam, a 2012 kuma Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna suka bayyana hanyar CRISPR ta yanke DNA a daidai wurin da ake so.

Na biyu: Cutar da fannin ya fara a kanta

Wace cuta ce aka fara kira cutar molekil a tarihin likitanci? Ba wata baƙuwar cuta ba ce ta ƙasashen sanyi. Amosanin jini ce, sikila, wadda a Nijar aka fi sani da emasi, wadda kusan kowace unguwa ta san gidan da take.

A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa himogulobin, furotin da ke ɗaukar iska cikin jan jini, ya bambanta a jikin masu wannan cuta. A 1956 da 1957 Vernon Ingram, a Kambirij ta Ingila, ya gano inda bambancin yake. Ɗaya daga cikin sarƙoƙin himogulobin tana da zobba 146, kuma a zobe na shida kaɗai aka sami canji: sinadarin valin ya zauna a mazaunin gulutamik asid. A rubutun DNA kuwa, inda ya kamata a karanta GAG sai aka sami GTG. Duk wanda ya taɓa riƙe allo ya san ɗigo ɗaya ne ke raba harafi da ɗan'uwansa, a sauya masa wuri kalma ta koma wata. Haka harafi ɗaya cikin biliyan 3 ya isa ya sa ƙwayar jini ta lanƙwashe idan iska ta yi mata ƙaranci, ta toshe ƙananan hanyoyin jini, ta kuma mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kwana 120. Daga nan ne ciwon ƙashi mai tsanani yake fitowa, da ƙarancin jini, da kumburin hannu da ƙafa ga jarirai, da shanyewar ɓarin jiki ga wasu yara.

To me ya sa wannan gado ya yawaita a ƙasashen zafi? A 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa wanda ya gaji harafin daga ɓangare ɗaya kawai, wato mai AS, yana samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Inda sauro ya daɗe yana kashe yara, masu AS sun fi tsira, su girma, su haihu. Amma idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato mai cutar. A lura da kyau, domin a nan ake yawan kuskure: kowane ciki lissafinsa daban ne, haihuwar mai SS ɗaya ba ta kare ƙannensa uku masu zuwa. A Afirka ta Yamma akwai kuma himogulobin C, canji na daban a daidai zobe na shidan nan, shi ya sa ake samun masu SC.

Sanin tushen cutar ya haifar da magani. Jariri yana zuwa duniya da wani nau'in himogulobin na cikin mahaifa wanda ba ya lanƙwasa jini, sai jiki ya rage yin sa a watannin farko. Dalilin ke nan da alamun cutar ba sa bayyana ranar haihuwa. Maganin haidiroksiyuriya yana sa jiki ya sake ƙera wannan nau'in. A Kano, likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da takwarorinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka sun yi shekaru suna bincike a kan amfani da shi wajen hana shanyewar ɓarin jiki ga yaran da awon jijiyoyin kai ya nuna suna cikin haɗari. A ƙarshen 2023 hukumomin Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, magani na farko da aka gina a kan CRISPR, wanda ke gyara ƙwayoyin ɓargon majinyaci domin su koma yin himogulobin na jarirai. An sa masa farashin dala miliyan 2.2 a Amurka, fiye da biliyan ɗaya na kuɗin sefa ga mutum ɗaya. Mafi yawan yaran da ake haifa da cutar a duniya a Afirka suke. Wa zai yi aikin sauko da wannan ilimi zuwa abin da asibitin gunduma zai iya ɗauka, in ba masanan da suka tashi cikin masu cutar ba?

Na uku: Abin da wannan yanki ya riga ya gani

Madarunfa ba baƙuwar bincike ba ce, sunanta yana cikin manyan mujallun likitanci na duniya. Daga 2014 cibiyar Epicentre ta ƙungiyar likitoci ta MSF, tare da ma'aikatar lafiya, ta gwada a wannan gunduma wani rigakafin rotabairos, ƙwayar da ke haddasa zawo mai tsanani ga jarirai. Kamfanin Serum Institute na Indiya ne ya yi shi, kuma fifikonsa shi ne jure zafi. Jarirai sama da 3,500 suka shiga lissafin, sakamakon ya fito a 2017, ya nuna kariya ta kashi 66.7 cikin ɗari daga zawo mai tsanani na rotabairos, a 2018 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Iyaye matan ƙauyukan nan ne suka kai jariransu, ma'aikatan lafiyar nan ne suka bi gida-gida. Duk inda ake ɗiga wa yaro wannan rigakafi yau, da guminsu a ciki.

Sanƙarau ya ba da darasi na biyu. A 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Nijar, Mali da Burkina Faso, sanƙarau na rukunin A ya kusan ɓacewa. Sai a 2015 annoba ta sake tashi a Nijar, ta kama sama da mutum 8,000, ɗaruruwa suka rasu. Allurar ce ta gaza? A'a. Awon PCR da cibiyar CERMES ta Yamai ta yi a kan ruwan ƙashin baya ya nuna rukunin C ne. Karanta cikakken rubutun ƙwayar ya nuna sabon iri ne da aka fara gani a 2013 a arewa maso yammacin Najeriya, kuma asalinsa ƙwaya ce da ke zaune a maƙogwaron mutane ba ta cutarwa, har ta samu ƙwayoyin gado na yin kwanson da ke kare ta daga garkuwar jiki. Da ba a san rukunin ba, da an nemo allurar da ba ta dace ba. Sunan farko a kan rahoton da ya bayyana annobar ga duniya a 2016 na Fati Sidikou ne ta CERMES, abin da ya kamata ɗalibai mata su riƙe.

A Yulin 2018 kwalara ta ɓulla a cibiyar lafiya ta N'Yelwa a wannan gunduma, marasa lafiyar farko daga yankin Jibiya na Najeriya suka zo. Sai da samfuri ya yi tafiyar sama da kilomita 600 zuwa Yamai kafin a tabbatar da ƙwayar. Cuta ba ta tsayawa a kan iyaka, mutanen Ɗan Isa a wannan gunduma da na Jibiya kasuwa ɗaya suke ci.

Sai zazzaɓin cizon sauro, wanda ke cika gadajen asibitin yara kowace damina. Dattawa suna tuna lokacin da maganin kulorokin ke aiki, da lokacin da ya daina. A 2001 Abdoulaye Djimdé da abokan aikinsa a Mali suka nuna cewa canji ɗaya a ƙwayar gadon cutar mai suna pfcrt shi ne alamar bijirewar. Tun daga nan ana iya ɗiga jinin yatsa a kan takardar tacewa, a busar, a karanta a ga ko magani ya fara rauni tun kafin yara su fara mutuwa. Wannan awo ya shafi maganin rigakafin da ake raba wa yara kowane wata a damina. Ya shafi magungunan da ake ba mai zazzaɓi yanzu, domin canjin kelch13 da aka gano a Kambodiya a 2014 an tabbatar da irinsa a Ruwanda a 2020. Ya shafi har ɗan katin awon gaggawa da ke kowace cibiyar lafiya: akwai ƙwayoyin cutar da suka zubar da ƙwayar gadon furotin ɗin da katin ke nema, sai awo ya ce babu alhali akwai, abin da ya tilasta wa Eritiriya sauya katinta a 2016. Su wa za su riƙa sa ido a kan waɗannan canje-canje a gulbin Maraɗi?

Bayan waɗannan, na'urar GeneXpert, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, tana gano tarin fuka da bijirewarsa ga maganin rifamfisin cikin sa'o'i biyu. PCR ce a cikin akwati, kuma duk ma'aikacin da ke sarrafa ta ya riga ya sa ƙafa a wannan fanni.

Na huɗu: Yadda karatun yake

Jami'o'in Nijar suna bin tsarin LMD: lisans shekara uku, mastar shekara biyu, doktora aƙalla shekara uku. Ƙofofin shiga fannin suna da yawa. Akwai wanda ya gama likitanci ko haɗa magunguna, akwai mai lisans a ilimin halittu ko sinadaran jiki, akwai ma'aikacin ɗakin awo da ya ƙaro karatu, akwai ma mai lissafi ko kwamfuta. Abu ɗaya ya kamata ya fito fili: doktoran bincike daban yake da digirin likita. Wanda ya yi shi ba tare da karatun likitanci ba masani ne, ba ya duba majinyaci, ba ya rubuta magani.

Shekarar farko ta mastar darussa ce: sinadaran jiki, ilimin gado, garkuwar jiki, ƙwayoyin cuta, ƙididdiga, ƙa'idojin bincike a kan mutane, da nazarin bayanan halitta da kwamfuta. Wannan na ƙarshe bai kamata a raina shi ba. Na'urar karanta DNA tana fitar da miliyoyin haruffa a zama ɗaya, kuma wanda ba ya iya tace su da kwamfuta yana riƙe ne da abin da ba zai iya karantawa ba. Shi ne kuma reshen da ya fi sauƙin kuɗi, tunda kwamfuta da intanet ne jarinsa. A shekara ta biyu ɗalibi yana shiga ɗakin bincike na wasu watanni, ya koyi ciro DNA daga jini, ya haɗa PCR da hannunsa, ya rubuta kundi, ya kare shi gaban malamai.

Doktora wani abu ne daban. A mastar ana koyon amsa tambayar da wani ya yi. A doktora ɗalibi ne zai fito da tambayar da ba a amsa ba, ya tsara yadda za a amsa ta, ya buga sakamakon a mujallun da masana ke tantancewa. Yawancin kwanakinsa gwajin da bai yi ba ne, a sake, a sake. Shi ya sa zaɓen malami mai kula da aiki ya fi zaɓen sunan jami'a muhimmanci. Kafin ɗalibi ya amsa tayi, ya duba: ɗaliban wannan malami na baya sun gama? Sunayensu ne a gaba a kan abin da suka buga? Akwai kuɗin sayen sinadaran aiki har ƙarshen bincike?

Ingilishi wajibi ne, domin da shi ake buga kusan duk binciken fannin. Ɗan Madarunfa yana da gata a nan: yana da Faransanci daga makaranta, yana da Hausar da za ta kai shi Katsina, Kano, Zariya da Sakkwato ba tare da tafinta ba.

Na biyar: Ina ake yin sa?

Tushen yana kusa. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi tana da sashen kimiyya da na kiwon lafiya, haka ma Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. CERMES, wadda ta fara a matsayin cibiyar binciken sanƙarau da tsargiya, tana cikin ƙawancen cibiyoyin Pasteur, kuma ita ta ɗauki nauyin awon korona da cutar ta shigo a Maris 2020. Akwai kuma cibiyar ƙasa ta masu amosanin jini a Yamai.

A maƙwabta, Bamako tana da cibiyar binciken zazzaɓin cizon sauro da marigayi Ogobara Doumbo ya jagoranta, wadda ta yaye masana da yawa. A Wagadugu akwai ɗakin binciken LABIOGENE na Jami'ar Joseph Ki-Zerbo, a Dakar akwai cibiyar Pasteur. A ɓangaren Ingilishi, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da cibiyar ƙwarewa a kan cututtukan ƙasashen zafi da aka yi wa sakaci, Jami'ar Gana tana da cibiyar WACCBIP, sai cibiyar ACEGID da ke Ede a Najeriya ƙarƙashin Christian Happi, wadda a Maris 2020 ta kasance ta farko a Afirka da ta karanta cikakken rubutun ƙwayar korona. Majalisar CAMES, mai mazauni a Wagadugu, wadda aka kafa a 1968, tana tantance takardun digiri tsakanin ƙasashen da ke cikinta, don haka a binciki matsayin kowane shiri kafin a biya kuɗi.

Tallafin karatu yana zuwa daga hukumar ANAB ta ƙasa, da shirin TDR na Hukumar Lafiya ta Duniya, da ƙungiyar TWAS, da ƙungiyar OWSD wadda ta keɓanta ga mata. Amma mafi yawan ɗaliban doktora suna samun kuɗinsu ne daga cikin aikin bincike na malaminsu, shi ya sa horon mastar a ɗakin bincike mai aiki shi ne ƙofar da ta fi buɗewa.

Na shida: Cikas da amana

Ɗakin binciken molekil yana son lantarki marar yankewa. Akwai samfurin da ake ajiyewa a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, dare ɗaya ba wuta ya isa ya lalata aikin shekaru. Sinadaran aiki daga waje ake sayo su, suna daɗewa a hanya, kuma na'ura idan ta lalace mai gyaranta yana nesa. Akwai sauƙi da ya samu: hasken rana yana ba da wuta, busasshen jini a takarda ba ya son firji, kuma akwai na'urar karanta DNA da ke shiga aljihu, wadda aka yi aiki da ita a Gini lokacin Ebola a 2015. Cikas mafi nauyi shi ne gurbin aiki. Masanin da ya dawo bai tarar da ɗakin bincike ba zai koma inda ya fito, ko ya bar fannin. Wannan nauyi ne a kan hukumomi da jami'o'i, kuma gara a tsara shi tun ranar da aka tura ɗalibi.

Akwai giɓin da sai ƴan Afirka za su cike. Afirka ce ta fi kowace nahiya bambancin gado tsakanin mutanenta, amma a manyan binciken gado na duniya kusan kashi 80 cikin ɗari na mutanen da aka auna Turawa ne, ƴan asalin Afirka ba su wuce kashi 2 zuwa 3 ba. Wannan yana taɓa magani kai tsaye. Ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya yawaita a nan, yana sa wasu magunguna su fasa jan jini. Maganin efabirenz na ƙanjamau yana daɗewa a jikin masu wani gado da ya fi yawa a Afirka. Shirin H3Africa an kafa shi ne domin masanan nahiyar su jagoranci irin wannan bincike.

Sai amana. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara wajen 200. Goma sha ɗaya suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka yi sulhu da gwamnatin jihar a 2009. Wannan lamari yana cikin abubuwan da aka riƙa ambata lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a jihar a 2003. Jinin mutum ya fi ƙarfin samfuri, domin DNA ɗinsa yana ɗauke da labarin iyayensa da ƴaƴansa. Dole ne kowane bincike ya bi ta kwamitin ƙasa na ƙa'idojin bincike, a yi wa mutum bayani da harshensa, ya san inda za a kai jininsa da abin da za a yi da shi, ya san yana da ikon cewa a'a ba tare da an hana shi magani ba, sannan a dawo wa gari da sakamako. Mai binciken da zai iya zama gaban mai gari da liman da uwar yaro ya yi wannan bayani da Hausa, wanda kuma gidansu sananne ne, shi ya fi cancanta a damƙa masa wannan aiki, kuma shi ya fi jin nauyin kada ya ci amana.